Rana Uku, Wata Tara

A fadarmu ni ne mai fassara. Ba wanda ya naɗa ni. Abin ya faɗo kaina ne saboda ni kaɗai na yi lakwal har na zama mushe, kuma farantin sola da batirin da ake cajin wayoyin unguwa a ƙofar gidanmu suke. Ƙauyenmu yana cikin kwamin ɗin Gidan Sori, yamma da Tsibirin Gobir. Da an yi isha'i sai samari su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, wayoyi kuwa suna jere a kan benci kowace da igiyarta kamar awaki a turke. Dala 10 ake cajin waya. Wanda ya biya zai zauna jira, wanda ya zauna jira kuma sai ya ce a kunna wani abu.

Yawancin abin da muke kunnawa ba ya bukatata. Finafinan Kano da Hausarsu suke zuwa, na Indiya ma an riga an sa musu baki tun daga can, kokowar takobi da ƙwallo kuwa ido ne ke fassara su. Sai in an samu wanda ke magana da Faransanci ake matsa mini wuri kusa da waya, a miƙo mini kofin farko. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan kofi.

Abin da ya jawo labarin nan bai kai minti 2 ba. Cikin watan Yunin 2023, ana saura kwanaki sallar layya, na shiga Maraɗi karɓar albashi, na biya ta shagon wani yaro mai turi ya cika mini memori. Da ya gama sai ya ce, "Mushe, bari in yi maka gyara," ya ƙara mini wani guntu. Somin-taɓin wani fim ne mai dogon zango na Netflix, 3 Body Problem, wanda aka fara nunawa ranar 17 ga watan a wani biki a São Paulo ta ƙasar Burazil. A ƙarshensa an rubuta Janairun 2024. Wato fim ɗin ma bai fito ba. Murfin tukunya aka ɗaga, ƙamshi ya bugo mu, aka mayar aka rufe.

Daren da na kunna shi, sau 6 aka ce in maimaita. Akwai wani ƙaton faranti a kan tsauni yana kallon sama, irin na Canal+ amma girmansa ya kai unguwa. Akwai lambobi da ke ta raguwa. Akwai wata hula mai sheƙi kamar an shafe ta da azurfa. A bisa duk wannan kuma muryar wani dattijo ce ke magana a natse, da Ingilishi. Ni kuwa Ingilishina bai wuce na gaisuwa da cinikin kasuwar Jibiya ba.

Ƙanena ya zungure ni. "Yaya, mi yac ce?"

Mutum goma sha suna kallon bakina. Na ce, "Sarkinsu ne. Yana ba mutanen duniya wa'adi."

Maganar ta fita tun ban auna ta ba, kuma da ta fita sai na ji ta zauna daram. Aka ce sarkin su wa? Na ce halittun wata duniya. Aka ce lambobin fa? Na ce kwanakin da suka rage kafin su sauko. Farantin? Makami ne, da shi za a harbo jiragensu. Hular? Ta jarumin ce, in ya sa ta zai tashi sama. Kafin a sauke shayi na uku na gama gina fim sukutum, da sarki da jarumi da ranar yaƙi. Sai can baya na gano cewa muryar ta Carl Sagan ce, wani masanin taurari ɗan Amurka da ya rasu tun 1996, tsohuwar magana tasa aka ɗauko aka ɗora, kuma yana zance ne a kan yadda yara ke tsoron duhu. Bawan Allah bai ba kowa wa'adi ba.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa na yi haka, don ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Abin da na gano cuta ce ta malaman makaranta. Mutumin da ya saba tsayawa gaban allo, yara 70 na jiran abin da zai fito daga bakinsa, a hankali yake manta yadda ake cewa "ban ji abin da aka ce ba". Gani yake in ya faɗa sau ɗaya, kujerarsa ta karye. Kuma a ƙauye wannan cuta ta fi kamari, domin babu wani mushe na biyu a gefe da zai yi gyaran murya.

Amma ba ni kaɗai ke da hannu ba, shi ma somin-taɓi da gangan ake gina shi da ramuka. Da farko ina kwatanta shi da abin da na sani a kasuwa: mai aya a Gazawa da ke ɗora manya a saman tiya, ko mai tsire da ke yanko maka ɗanɗano daga inda kitse yake. Daga baya na ga kwatancen bai cika ba. Mai tsire dai nama ya ba ka, ka tauna, ka san abin da za ka saya. Mai haɗa talla kuwa hotuna yake tsinkowa daga wurare masu nisa da juna ya jera su kafaɗa da kafaɗa. A nuno maka mace ta ɗaga kai a firgice, a biyo da wuta tana ci, sai zuciyarka ta ce wutar ta gani. Alhali a cikin fim wataƙila kashi 5 ne tsakanin kallon da wutar. Bai yi maka ƙarya ba. Kai ne ka ɗinke ɓarakar da zarenka, kuma kowa da irin zaren da ke aljihunsa.

Matata ta riga ni sanin wannan, a makarantar Labarina. Ita da ƙawayenta sun shekara suna bin shirin Aminu Saira, kuma lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shi a 2022 sun yi makonni suna gardamar wadda za ta gaje ta a rawar Sumayya, kowace na kafa hujja da ɗan hoton da ta gani a waya. Da na nuna mata guntun nawa, na fara zuba mata bayanin sarki da wa'adi, sai ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Mushe, mu dai in munka ga an nuno mari cikin talla, mun san mafarki ne." Na yi dariya na fita. Da na tsaya na saurare ta da ban sha kunyar da na sha ba.

Sai ga 26 ga Yuli. Sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, kuma ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ba sojojin wa'adin mako guda, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Mu masu sola ba mu rasa haske ba, amma mun ji abin a farashin shinkafa da magani, mun ji shi a gidajen da ƴaƴansu ke ci-rani a Kano da Legas. A makon nan kowa rediyo ne a kunnensa, ana ƙidayar kwanaki.

Cikin wannan hali wani ya ce in sake kunna "na wa'adin nan". Da lambobin suka fara raguwa a fuskar waya, ba wanda ya yi dariya. Guntun da ya shigo a matsayin gyara ya zama wani abu daban. Ba wai mutane sun ɗauka Turawa sun yi duba ba ne, a'a, ba su kai nan ba. Sun dai samu hoton da ya yi daidai da abin da ke cikinsu, na masu ƙarfi da ke can nesa suna ƙidaya maka kwana kai kuwa kana gona kana noman maimai. Kalmar da na ƙaga a daren farko ta samu gindin zama da ban taɓa nufa mata ba.

Tun daga nan fada ta rabu. Ƴan kabu-kabu su ne ƴan yaƙi, kullum lissafinsu wane makami zai fi, kuma ko jarumin zai mutu. Akwai wani ɗan uwanmu da ya yi karatun allo a Zariya, muna ce masa Ustaz, shi a ganinsa duk abin kwaikwayon alamomin tashin ƙiyama ne da aka sata aka sauya wa riga, kuma bai ga amfanin Bahaushe ya ɓata darensa a kan almarar da ba tasa ba. Duk da haka bai taɓa fashin zama ba. Sai kuma telan unguwa, mutum marar yawan magana, wanda wata rana ya karɓi wayar ya tsayar da hoton a kan farantin, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mushe, wanga ba makami ba ne. Faranti ai ba shi harbi. Ko dai kamawa shikai, ko aikawa. Wani anka kira da shi."

Na ce masa bai ji Turancin ba ne. Aka yi masa dariya, ya miƙo wayar ya yi shiru. Shi kaɗai ne ya kalli hoton, sauran duk bakina suka kalla, kuma shi kaɗai ya faɗi daidai.

Maganar Ustaz ta cewa almarar kimiyya ba tamu ba ce, ita ce kaɗai na yi wa raddi da gaskiya a duk watannin nan. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawon sararin samaniya da shi, da Hausa, aka kuma karanta shi a makarantun arewacin Najeriya. Sannan akwai labarin da ya fi ba ni mamaki. Doctor Who, shirin BBC da aka fara ranar 23 ga Nuwamban 1963, yana da masoyan da suka san kowane kashi kamar yadda makaɗin fada ya san jerin sarakuna. A shekarun 1960 da 1970 gidan ya goge faya-fayen tsofaffin kashi da yawa don a sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu. Masoyan suka shekara da shekaru suna neman kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje. A watan Oktoban 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, cikinsu har da kashi 9 da aka fid da rai da su, na zamanin Patrick Troughton. Mutanen Landan suka yi ta murna da abin da ƙurar Jos ta adana musu. Na ce wa Ustaz, ka ga, mu ne ƙarshen layi, kaya na iso mana a makare, amma wani lokaci a hannunmu kaɗai suke tsira. Ya ce wannan ma ai hujjarsa ce, tunda su suka zo suka kwashe.

Damina ta wuce, aka yanke hatsi, aka ɗaure dammuna. A watan Nuwamba aka ce ba Janairu ba kuma, sai 21 ga Maris. A Janairu aka saki talla mai ɗan tsawo. A tsakanin nan ne na aikata abin da ya fi ƙaryar farko muni, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Wata rana a Maraɗi, inda rezo ke da ƙarfi, na zauna na karanta abin da aka rubuta da Faransanci game da shirin. Ashe daga littafi aka ciro shi, na wani marubuci ɗan Sin, Liu Cixin, wanda ya fito a 2008, fassararsa ta Ingilishi kuma ta ci kyautar Hugo a 2015. Ashe mutanen Sin sun riga sun yi nasu fim ɗin mai kashi 30 a kamfanin Tencent tun Janairun 2023. Waɗanda suka yi Game of Thrones, David Benioff da D. B. Weiss, su ne suka haɗu da Alexander Woo suka yi wannan. Masu karatun littafin a duniya su ma gardama suke, amma tasu daban: me ya sa aka kwashe yawancin labarin daga Sin aka kai Ingila, me ya sa aka rarraba jaruman littafi aka mai da su abokai biyar ƴan Oxford. Su sun san labarin, tsoronsu kada a ɓata shi. Mu ba mu san shi ba, mun gina namu. Kuma a wannan zama na karanta cewa halittun da na ce za su sauko, tafiyar shekara 400 ce tsakaninsu da mu.

Na dawo gida da wannan a cikina, na zauna a tabarma, aka miƙo mini kofin farko, na karɓa. Ban ce komai ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa gobe zan gyara, sai goben ta zo in ga yadda idon ƙanena ke haske in ana zancen ranar yaƙi, in fasa. Har da aka yi karo-karo na dala 100 kowa, kuɗin mai da na turi da hayar ƙaramin talabijin, ni na riƙe kuɗin. Ƙaryar farko ta kubce mini ne. Ta biyu kuwa zama na yi na yi kiwonta har ta yi ƙiba.

Wani abu da na lura da shi a lokacin, masu kallo ba ɗaya suke ba a duniya. A 2019, da aka saki tallar fim ɗin Sonic, masoya suka yi ca a kan surar dabbar, musamman haƙoranta masu kama da na mutum, har sai da masu fim suka ɗage fitowarsa daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020 suka sake zana ta. Ihun waɗancan yana isa kunnen mai kaya. Namu iyakarsa rassan bedi. Ba mu da katin banki, ba a ƙidaya mu cikin masu kallo, ba wanda ya haɗa tallar da mu a ransa. Na taɓa jin haushin haka. Yanzu ina ganin akwai ɗan ƴanci a ciki: tunda ba a yi don mu ba, ba wanda ya tsara mana abin da za mu gani a ciki. Ni ne na zo na tsara, kuma a nan na yi ɓarna.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Shirin ya fito 21 ga wata, washegari kuma Nijar ta buɗe iyakarta da Najeriya, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi tun 24 ga Fabrairu. Wata tara cif da zuwan guntun, jiran biyu suka ƙare a mako guda. Na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi da bakin azumi, na dawo da kashi 8 masu magana da Faransanci. Aka tsayar da cewa kowane dare kashi ɗaya, bayan asham.

Daren farko har da waɗanda ba su taɓa zama fadarmu ba. Cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, abokin marigayi mahaifina, muna ce masa Baba. Shi cajin waya ya kawo, ya ga taro, aka ba shi kujera. Fim ya buɗe a Beijin cikin 1966, ana dukan wani malamin kimiyya a gaban jama'a har ya mutu, ƴarsa tana kallo. Ba jirgi, ba sarki. Ƴan kabu-kabu suka ce to, shimfiɗa ce. Dare na biyu ma shimfiɗa. Hular azurfar nan ashe ta wasa ce, in ka sa ta sai ka tsinci kanka a wata duniya ta ƙarya. Farantin kuwa, yarinyar nan da aka kashe wa uba ce ta aika saƙo da shi zuwa sama. Tela bai ce uffan ba. Tashi kawai ya yi ya ƙara gawayi.

Daren da maganar shekara 400 ta fito, sai da na fassara ta sau biyu, don an ɗauka kuskuren lissafi na yi. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Shekara ɗari huɗu? Mushe, wata tara kana tara mu, ashe ko jikan jikana ba shi ganinsu? A ba ni dala ɗarina." Na ba shi. Mutum 4 suka bi shi. Ƙanena bai nemi kuɗinsa ba, bai kuma kalle ni ba, wannan ya fi ciwo.

Baba kuwa tun dare na biyu fim ɗin ya kama shi, ta inda ban zata ba. A duniyar cikin hular nan rana uku ce a sama. Na yi masa bayani yadda na fahimta: in rana ɗaya ce, tafiyar duniya a kewayenta tana da ƙa'ida, shi ya sa manomi zai dubi Kaza da Ƴaƴanta ya ce damina ta kusa, malami ya buɗe lissafinsa ya faɗi tauraron da ake ciki. In sun zama uku, kowace na jan duniyar ta nata gefe, babu lissafin da zai gaya maka gobe. Wani lokaci a samu zamani mai daidaito a yi gini a yi shuka, wani lokaci ranakun su taru su ƙone komai, ko su yi nisa ƙanƙara ta rufe ƙasa. Mutanen wurin sai suka koyi dabara. In masifa ta taso, sai mutum ya fitar da ruwan jikinsa duka ya bushe kamar ƙirgi, a naɗe shi a ajiye a rumbu. In zamani ya gyaru a jefa shi a ruwa ya farfaɗo.

Mu kuma a lokacin muna cikin zafin da ya gasa Sahel a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ga azumi. Da rana mutum kan jiƙa zane ya lulluɓa ya kwanta kamar gawa. Da aka nuno ana jefa busassun mutane a ruwa suna motsi, Baba ya ce in tsayar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da muna da wagga dabara shekarar El Buhari, da ban bizne ƙannena biyu ba." Yunwar 1984 yake nufi, wadda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya har mutanenmu suka laƙaba mata sunan shugaban can na lokacin. Ba wanda ya san abin da zai ce. Mai shayi ya sauke buta a hankali.

Daga nan Baba ya karɓe fassarar daga hannuna, ko da yake bai jin ko kalma. Da aka gane cewa masu rana ukun sun baro duniyarsu sun nufo tamu, ya ce, "Waɗanga ba mayaƙa ba ne tun asali. Ƙasarsu ta ƙi su." Mu a yankin Gidan Runji ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun 2019 muke karɓar mutanen Sakkwato da Zamfara da ƴan bindiga suka koro, da tabarmi a ka da yara a baya. Mun san tausayin da ake ji, mun kuma san lissafin da maigida ke yi a zuci in ya dubi rumbunsa. Ustaz ya ce amma waɗannan ai ƙwace suka zo yi, ba roƙo ba. Baba ya ce, "Yunwa in ta samu ƙarfi, haka takai." Gardamar daren nan ta fi duk wadda muka yi a wata tara, kuma ba ta bukaci sarki ko jarumi ba.

Kashi na 4 ne ya gama da ni. Akwai wani attajiri da ke bauta wa halittun nan, yana magana da su ta na'ura, yana karanta musu tatsuniyoyin Turawa. Ya karanta musu ta yarinyar da kyarkeci ya yi shigar kakarta don ya cinye ta. Suka kasa ganewa. Su a wurinsu abin da ke zuci shi ne abin da ke fita, ba su san a faɗi wani abu ana nufin wani ba. Suka yi ta tambayarsa har suka gano cewa ɗan Adam yana iya faɗin abin da ya san ba haka yake ba, kuma shi ma mai karatun yana yi. Daga nan suka yanke hulɗa da shi, don a ganinsu ba a zama da maƙaryaci.

Ni ne na fassara wannan, jimla bayan jimla, da bakina. Ina cikin yi na ji wurin ya yi tsit irin wanda ba na jin daɗin fim ba. Da na kai ƙarshe, tela ya ce, a natse kamar mai auna yadi, "Mushe, ban ji da kyau ba. Sake hwaɗi."

Fada ta fashe. Har Ustaz sai da ya riƙe ciki. Na tsayar da fim ɗin, na ce musu gaskiya ne, daren farko ban ji ko kalma uku cikin Turancin nan ba, kuma tun Janairu na san babu yaƙi. Na ce wa tela ya yafe mini dariyar da na sa aka yi masa. Ya ce ai ya daɗe da karɓar diyya, tun daren faranti. Abin da ya ba ni mamaki, kujerar da nake tsoron ta karye ba ta karye ba. Washegari an matsa mini wurina, an miƙo kofi. Bambancin kawai, yanzu in na fassara sai wani ya ce, "Haka yac ce, ko haka ka so ya ce?" Kuma na ga tambayar ta gyara mini aiki har a aji. Da aka koma lakwal, wata yarinya ta tambaye ni me ya sa wata ke bin mutum in yana tafiya, na ce ta ba ni kwana biyu. Ajin bai rushe ba.

Kashi na 5, inda aka yanka jirgin ruwa sala-sala a mashigin Panama da zaren da ido ba ya gani, ya dawo mana da ƴan kabu-kabu, don labari ya kai musu. Wanda ya karɓi dala ɗarinsa ya dawo ya tsaya daga baya, ba wanda ya tanka masa. A kashin ne kuma halittun suka aiko wa duniya duka saƙon raini, suka kira mutane ƙwari. Baba ya yi tsaki. Ya ce su tambayi manomi. Shekara nawa ana feshi, ana ƙona daji, ana kaɗa gwangwani, fara ta ƙare? Ya ce mu har soya ta muke mu sa yaji, kuma baɗi ta dawo. Da muka kai kashi na ƙarshe muka tarar fim ɗin ma kusan nan ya sauka, sai ya gyara zama kamar wanda aka biya bashi.

Mun gama ana saura kwanaki sallah. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma tamu Larabar ni na zana ta da hannuna, Juma'ar kuma da ta zo ba ta yi kama da ita ba ko kaɗan. Har yau a fada akwai masu cewa nawa fim ɗin ya fi, ƙanena na cikinsu, ya ce aƙalla a nawa ana saukowa.

A watan Mayu aka ce za a ci gaba da shirin. Na gaya wa Baba ranar da ya kawo wayarsa caji, hadarin farko na haɗuwa a gabas, kowa na gyaran kalme. Ya ce yaushe? Na ce ba su faɗa ba. Ya dube ni, ya ga iyakar abin da ke bakina ke nan, ya gyaɗa kai.

"To, in sun saki ɗan guntun nan, ka kawo muna mu gani," ya ce, yana ƙirga mini dala 10 a tafin hannu. "Amma ka ba tela wayar."